Hoton Rumfar Inna Larba

Fusaini ya aiko hoto daga Amurka,
gidan abincin da yake wanke faranti:
jajayen fitilu, kujerun fata,
kowa da teburinsa, kowa da shirunsa,
wani dattijo na yanka ƙwai da wuƙa
sai ka ce ƙwan zai gudu.

Na ce bari in rama.
Na rataya kyamara na gangara Aboabo,
rumfar Inna Larba,
inda tururin wake da shinkafa
ke riga zakara tada unguwa.

Ta ce, "Kar ka ɗauki fuskata, ban sa kwalli ba.
Ɗauki tukunya,
ita ta kai 'ya'ya huɗu makaranta."

Na ɗauki tukunya da baƙin gindinta.
Na ɗauki yaji yana malala kan taliya,
hannun direban torotoro, duk baƙin mai,
da na malamin firamare, duk alli,
sun yi karo a kwanon gari.
Wata Ba'asantiya na ciniki da gurguwar Hausa,
aka yi dariya, aka ƙara mata ganda.

Hoto ba ya kama ƙamshi, wannan na sani.
Sai da dare, ina duba su ɗaya-ɗaya,
na ga ƙarshen benci, wajen randa:
mutane sun matsu kamar ashana a kwali
amma sun bar gurbin mutum guda.
Shekara shida ke nan.

Wannan ban tura ba.
Tukunyar na tura masa.