Uku-uku

Ƙarfe shida nake shiga kogon Calistoga,
inda gangunan itace ke kwance jeri-jeri
kamar shanun da suka ƙoshi.
Sanyin wurin ma saye aka yi.
Riga biyu nake sawa,
in zauna da almakashi da gam da kwali.

Aikina naɗe kwalba.
Takarda mai laushi, sai akwatin katako,
uku-uku, ba ƙari, ko wane ne ubanka.
Guda ɗaya dala ɗari takwas.
Na taɓa lissafi a bayan rasit:
tsayuwata ta kwana biyar
ba ta kai wuyan kwalba ɗaya ba.

Ba ta zaman kanti, ba ta san kasuwa ba.
Tun tana 'ya'ya a reshe an gama cinikinta,
tun Eusebio bai wasa wuƙarsa ba.
Shi ke yanka cikin dare, fitila a goshi,
tafinsa a rine har bayan Kirsimeti.
Na tambaye shi ɗanɗanonta, ya yi dariya:
"Inabin na sani. Ita ba mu gaisa ba."

Uwargida Halvorsen kan tsoma hanci a kofi,
ta lumshe ido, ta ce ga ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari,
ga fatar sirdi, ga wani abu kamar toka.
Ni sai in tuna Kaka Cindo a Gidan Jatau,
mai yatsa shida, mai tukwane tara,
mai dafa burkutu ranar Laraba.
Ita ba ta lumshe ido,
kada Barau ya sulale da bashin ƙwarya biyu.
Nata kwana biyu ne, na uku ya yi tsami.
Dole kowa ya zo da wuri:
mai gayya, mai makoki,
wanda ya sayar da akuya,
wanda akuyarsa ta ɓata.

Akwai sunan da hannuna ya haddace:
Orrin Tackett, na Dayton.
Shekara goma sha ɗaya ina liƙa shi.
Ban san fuskarsa ba,
sai na yi masa furfura a raina,
na ba shi kare, da kujera a bakin taga.

Bana 'yarsa ce ta bugo waya.
Ya rasu a watan Yuli.
Sun sauka ɗakin ƙasa da tocila,
sun tarar da su, talatin da uku,
ko takardar da na naɗe ba a warware ba.
A jikin akwatunan ya yi rubutu da fensir:
"Auren Corinne," ya soke.
"Ranar ajiye aiki," ya soke.
"In Marjorie ta warke."
Wannan bai soke ba.
Sauran babu komai, katako ne kawai.

Tambayarta ɗaya: nawa suke yanzu?
Uwargida ta danna lissafi,
ta ce sun ninka, har da ɗoriya.
Ta faɗa da murya mai taushi,
irin wadda ake yin ta'aziyya da ita.

Na koma teburina.
Ni da ban taɓa kurɓarta ba,
me ya tsaya mini a wuya?
Na naɗe uku na wata likita a Tulsa,
gam ya ƙi kamawa, na sake.

Da dare na jawo akwati daga ƙarƙashin gado.
Atamfar da Inna ta cusa mini a tashar mota
tana nan da lambarta a jiki,
shuɗiya mai zanen tsuntsaye.
Na ce sai ranar komawa zan ɗinka.
Na shimfiɗa ta. Warin kafur ya cika ɗakin.
Inda aka ninke ta ya fara koɗewa,
layi fari, miƙaƙƙe,
ya ratsa ta tsakiyar tsuntsayen.

Almakashin aiki na cikin jakata.