Ƙofa ta Ɗari Shida da Talatin da Shida

Sha ɗaya na dare a asibitin Garwa.
Fanka tana tuƙa zafi kamar tuwon da ya ƙi nuna.
Ni, da shayin da ya huce,
da baƙar na'ura a ɗakin da ba taga,
wadda ta haddace sunan kowa:
likita, ungozoma, mai shara,
har direban da ke kai gawa gida.

Na ce mata, Malam Hamajoda na ɗakin magani
zai sauya kalmar sirrinsa gobe.
Ta ce, ba ta nan ba.
Ƙofa ta ɗari uku da tamanin da tara ƙofar kasuwa ce,
abin da ya bi ta cikinta tsirara yake tafiya,
mai kunne a jikin waya
zai tsince shi kamar gyaɗa a faifai.

To, na zaga.
Ɗari shida da talatin da shida, na yi sallama.
Ta miƙo takardar shaidarta,
manhajata ta juya ta gaba da baya,
ta ce, wa ya sa hannu a nan? Ban san shi ba.
Na kawo mai sa hannun, na gabatar da su.
Ta ce, na ji, amma ba a haifi takardar nan ba tukuna.

Ashe tun ɗaukewar wuta ta ranar Talata
batirin agogo ya mutu,
na'urar ta farka a wata shekara can baya,
lokacin ina ɗan aji uku
ina leƙen dorina daga gadar Binuwai.

Akwai wani layi guda, gajere kamar ƙarya,
da ke cewa: kar ki duba, yarda da kowa.
Na san shi. Yatsuna sun san shi.
Da na rubuta, da yanzu ina kan babur,
iska tana shiga rigata.
Na dube shi, ya dube ni.
Na tashi na gyara agogo.

Wajen asalatu suka gaisa,
suka yi musafaha irin ta dillalan shanu,
hannu a ƙarƙashin mayafi,
ni da na haɗa cinikin ban ji farashi ba.

Da hantsi ya zo, tabarau a kan hanci,
yana warin aspirin da sabulun salo.
Ya ce, dole ne?
Na ce, sabuwar doka ce, duk kwana casa'in.
Ya yi shiru. Ya ce, shekara huɗu ke nan
kullum safiya da sunanta nake buɗe aiki,
tun da muka kai ta...
Na ce, Baba, kar ka faɗa mini.

Da yatsa ɗaya ya rubuta tsohuwar.
Ya daɗe kafin sabuwar.
Ɗigo-ɗigo baƙaƙe suka jeru a allo, goma sha biyu,
suka shige ta ƙofar da na kwana ina gyarawa,
a lulluɓe.

An karɓa, in ji na'ura.
Ya goge tabarau da bakin riga,
ya tambaye ni ko na karya kumallo.