Dala Bakwai

A kasuwar Tahoua, bayan layin masu albasa,
Gumar maƙeri na zaune kan buzun akuya,
gabansa baƙin dutse, ƙaramin sikeli,
da kwalbar ruwan nan mai cizon ƙarfe.
Na kwance tsumman da kakata Hasiya ta ƙulle
tun shekarar da fara ta cinye gero.
Dala bakwai, masu hoton wata tsohuwa mai kumatu
wadda ba mu taɓa sanin garinsu ba.

Bai dube su ba. Kunne ya ba su.
Ya ɗora ta farko kan yatsa, ya taɓa ta da ƙusa,
ta yi kuka siriri, dogo,
har ya wuce rumfar mai tsire bai mutu ba.
Ya ce, azurfa ba ta saurin yin shiru.
Ya kawo maganaɗisun tsohuwar rediyo,
ko ɗaya ba ta motsa ba.
Ya ce, ita ba ta bin kowa.

Ta biyu ta amsa. Ta uku, ta huɗu, ta biyar.

Ta shida ta ce tif,
kamar lomar tuwo ta faɗi a yashi.

Ya goga gefenta a dutse, ya ɗiga ruwan,
zanen ya koma kore kamar gansakukar tabki.
Sikeli ma ya karkata kai, ya ƙi shaidar ta.
Tagulla ce da dalma, an wanke mata fuska.
Na tuna maraƙin da Hasiya ta sayar,
yadda take kiran sunansa har ta tsufa,
kunya ta kama ni a madadin wanda ban sani ba.

Gumar ya juya ta wajen rana.
Ya daɗe.
Ƙarƙashin fiffiken tsuntsun da ke bayanta
akwai ɗigo uku, ƙanana kamar ƙwayar ridi.
Ya ja rawani ya rufe baki,
ya ce, wannan hannun babana ne.

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.
Ya ƙirgo kuɗin azurfa, ya ninka biyu,
ya ce, riƙe masu gaskiya,
wannan ƙaryar gidanmu ce, bari ta koma gida.

Ta bakwai tana tafina, da ɗumin gumi.
Ya miƙo hannu.
Na mayar da ita tsumma, na ƙulle.
Har yau ban ji muryarta ba.