Bakin Rummana

Da sassafe a Ɗa'ifa, sanyin dutse bai sake mu ba,
ƙamshin wardi na haurowa ta katangar maƙwabta,
na hau Rummana, jar goɗiya mai farin goshi,
na damƙi kamazuru kamar wadda ta kama ɓarawo.

Ta ɗaga kai. Ta wage baki. Ta kaɗa wutsiya.
Da'irar da na so mu zana a rairayi
ta fito kamar bakin tsohuwar ƙwarya.

Malam Sirhan bai yi faɗa ba.
Ya ajiye shayinsa a kan shinge, ya ce in sauko.
Ya zare linzamin, da ɗuminsa, da yawunsa,
ya ɗora mini a ƙashin ƙauri,
ya koma baya, ya ja.
Kaɗan fa ya ja.
Sai da na kira sunan uwata.

Ni, Rakiya, likitar haƙori,
mai wuni a bakin mutane
ina cewa, in ka ji zafi ɗaga hannu.
Ita wane hannu za ta ɗaga?

Na sake hawa, na saki igiya ta yi lilo.
Ya ce, wannan ma ba alheri ba ne,
kin bar ta tana sallama a gidan da ba kowa.

Sai kakata ta faɗo mini a rai,
Iya Tabawa, a tsakar gidanmu na Makka,
da mazari da abawa.
In ta ja, zare ya tsinke.
In ta sake, ya cukurkuɗe.
Tsakanin nan ta zauna shekara sittin,
tana hira, ko kallon hannun ba ta yi.

Na sauke kafaɗa.
Na bar gwiwar hannu ta bi wuyan goɗiya,
gaba, baya, gaba.
Ƙafa ta roƙa, yatsu suka jira.

Can a zagaye na tara ko na goma
wani nauyi ya sauka a tafina,
bai fi na ƙwan zabo ba.
Ita ta kawo, ban ƙwata ba.
Ta sunkuyar da wuya, tana tauna ƙarfen a hankali,
farar kumfa a leɓe,
kunne ɗaya ya juyo gare ni.

Taku shida muka yi a haka.
Na bakwai na yi murna, na matse, ta ɓace.

Malam Sirhan ya ɗauki shayinsa, ya huce.
Ya ce, gobe bayan asuba.