Garin da Hanya ta Manta

Dutse a bayanmu, teku a gaba.
Hanyar Potoprens kuwa, ruwan bara ya cinye ta.
Sai jirgin ruwan Laraba,
in ya ga dama.

A tsohuwar ganuwar Faransawa
igwa ta yi tsatsa tana hararar teku.
Akuyar Filomiz ke kwana a gindinta.
Bayi ne suka ɗora duwatsun, in ji kakata,
jikokinsu suka kwashe rabi suka kafa murhu.

Sau biyu guguwa ta yaye rufin coci.
Sau biyu muka mayar.

Da yamma babana Dorseli ya tattara gahawar da ya shanya,
ya lanƙwasa yatsu huɗu,
'ya'yansa da suka haye ruwa.
Babban yatsan ni ne,
na tsaya.