Ɗari Biyar da Sha Biyu

Kafin su ga fuskata sun ga lambata:
ɗari biyar da sha biyu.
Wata na'ura a garin da ban taɓa takawa ba
ta auna ni, ta ce nauyin amanata ke nan.

Ni ce Lenora Pettiford, 'yar Toledo,
'yar mutumin da ya shekara talatin da ɗaya
a bakin wutar masana'antar gilashi
har ƙodarsa ta ce ta gaji.
Da rana ina haddar dokar kwangila,
da dare ina ninke zannuwan gado a ƙasan otal,
hannuna na warin sabulu,
bakina na bitar shari'o'in mutanen da suka daɗe a kabari.

Fom ɗin shiga aikin lauya ya fi tafin hannu kauri.
An taɓa kama ki? A'a.
Kin taɓa satar amsa? A'a.
Sai alƙalamina ya taka ƙaya:
akwai bashin da ya haura kwana casa'in ba ki biya ba?

Akwai.
Katin farko ya tafi a maganin da inshora ta ƙi saya.
Na biyu ya ƙone a man mota,
Litinin, Laraba, Juma'a, hanyar wankin ƙoda.
Na uku akwatin gawa ne.
Na zaɓi mafi araha, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.
Motar kuwa, wata asubar Janairu na leƙa taga
sai na ga gurbinta, baƙi ƙirin a tsakiyar dusar ƙanƙara.

Suka kira ni hawa na huɗu.
Mutum uku, dogon tebur,
da butar ruwan da ba wanda ya taɓa.
Mista Hasselbach yana fama da mura.
Ya share hanci, ya ce, ba da mugunta ba:
"Gobe wata tsohuwa za ta damƙa miki kuɗin gidan da ta sayar.
Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.
Me zai hana ki?"

Tambayar ba ta banza ba ce, shi ya sa ta yi zafi.
Na so in ce bashi hanji ne, yana cikin kowa,
nawa ne kawai aka farke aka baje a kan tebur.
Ban ce ba.
Na buɗe kwalin takalmin Baba:
rasidai ɗaure da roba,
dala arba'in, dala arba'in, wata goma sha tara.

Ya bi su da yatsa har ya faɗa rami.
"Maris da Afrilu fa?"
"Nan aka rage mana awoyi a otal."
Misis Villanueva da ke gefe ta rubuta wani abu gajere.
Na miƙa wuya, ban gani ba.

Ba su ce a'a ba. Ba su ce i ba.
Wata shida, in dawo da kwalin ya ƙara nauyi.
A Nuwamba 'yan ajinmu za su ɗaga hannun dama su yi rantsuwa,
ni kuma ina buƙatar aikin don in biya bashin
da sai na biya shi za a ba ni aikin.

A waje iska daga tafki tana yankan kunne.
Motar da na aro wajen ƙanwar uwata tana nan,
da 'yar takarda a maƙale a gilashinta:
na wuce lokacin fakin da minti goma sha ɗaya.
Na yi dariya har wani mai kare ya waiwayo.

Na tsallaka titi na biya a take,
daga kuɗin cefanen mako.
Yarinyar da ke bayan kanta ta ce, "Kina son rasidi?"
Na ce mata, "Ba ni."