Kwalekwale a Rumfar Liƙi

Ranar Talata, hadari na haɗuwa bisa Suwame,
ta shigo da shi a ka kamar mai tallan daro,
ja wur, gajere, hancinsa a ɗage.
Yaran gareji suka ajiye sifana suna kallo.
Ta ce, Baba Dantani, kana liƙe abin ruwa?

Shekara talatin ina liƙin roba a Kumasi:
bambar mota, jarka, tankin gida,
har bokitin matar ladan da ta ƙi rabuwa da shi.
Ban taɓa kifa jirgi a bencina ba.
Na kifa shi, na bi cikinsa da tafin hannu
yadda makaho ke gane fuskar ɗan'uwa.

Ko'ina ƙarzuwa.
Wannan doguwar, in ji Bariratu, dutse ne
da ya laɓe ƙarƙashin kumfa.
Waccan kututture ne da iska ta gicciye.
Da yatsana ya kai kan tsagar,
taki guda da ɗan ɗori,
sai ta yi shiru, ta kalli kwanon rufi.

Can bayan Kwahu, ta ce,
inda hanya ke mutuwa a gonar koko,
awa uku muna jan jirage cikin kurmi,
ni da Kwadwo da wani malami mai tsoron maciji.
Rafin bai fi lungunmu na Aboabo faɗi ba,
amma saukowa yake kamar an koro shi.
Ba ka jin na kusa da kai, da hannu ake magana.
A bakin gangaren sai ruwan ya yi lumui,
ya miƙe sumul kamar harshe,
gabansa babu komai sai faɗuwa.

Na ce, me kike gani a nan?
Ta ce, kan bishiyoyi, a ƙasa da ni.
Sai kuma me?
Sai fari. Sai duhu mai sanyi, kai a ƙasa.
Kana ƙirge, ɗaya, biyu,
kana lalubar sama da filafili,
a bakwai ƙugu ya murɗa, ka ga rana.
Ranar nan na kai sha uku, Baba,
na fito ruwa na shigo mini ta gwiwa.

Ni da ko kwata ta cika ba na tsallakawa
tun shekarar da ambaliya ta tafi da ƙanena!
Babanta abokina ne, mun ci tuwo akushi ɗaya.
Kalma uku ce a bakina: ba ya liƙuwa.
In faɗe ta, ta koma gida da ƙafafunta,
ta tsufa, ta yi jikoki, ta manta.
Na kalli hannunta, duk kanta.
Na san gobe wani yaro a Asafo
zai shafa mata gam ya karɓi sidi hamsin,
ta hau dutse da aikin ganin-ido,
ya ɓalle mata a tsakiyar tsawa.

Na ce Isiyaka ya hura wuta.
Na huda ƙarshen tsagar nan da can don kada ta yi gaba,
na yanko ƙyalle daga tsohon tanki shuɗi,
na narka, na danna, ciki da waje,
na sake bi sau uku har hayaƙi ya sa ni ƙwalla.
Ban yi wa motar kowa irin wannan ba, kowa.

Muka ɗora shi kan tayoyi, muka cika shi da bokiti.
Jirgi ɗauke da rafi a cikinsa.
Na tsuguna, na shimfiɗa jarida a ƙasa,
muka jira har kiran la'asar.
Ko ɗigo.

Ta ɗauke shi a ka, shuɗin tabo na kallon sama,
ta kutsa tsakanin motocin haya.
Da dare ruwan ya sauko, kwano na rugugi.
Matata ta ce, me kake ƙirgawa?
Na ce, ba komai.
Ina kan tara, ban saki numfashi ba,
ina jiran fitowa.